Baba Majigi da Fim ɗin Mai Walda

In mutum ya ce min gardamar fim ai wasa ce, ba na tanka masa, kallonsa kawai nake yi. Ni na ga abin da ta yi wa mahaifina, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba.

A unguwarmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Majigi. Tun yana saurayi ya kama aiki a gidan siliman da ke bayan tashar mota, shi ke haska wa mutane fim. Ɗakin aikinsa yana can sama, sai an hau tsanin ƙarfe, ɗan ƙuƙut ne mai zafin tsiya, injuna biyu a jere, kowanne da 'yar tagar da haske ke fita ta ciki. Ina yarinya ni ke kai masa abinci ranakun da ake kallon rana. In na miƙa masa sai in ƙi sauka, in ɗare kan akwati in yi tsit, shi kuma ya yi kamar bai gan ni ba.

A can na koyi abu ɗaya tak na sana'arsa. Fim a lokacin faifai-faifai yake zuwa, kowanne a gwangwaninsa. In na kan wannan injin ya kusa ƙarewa sai a tayar da ɗayan, kuma gwanintar ita ce kada 'yan kallo su gane an canja. Abin da ke gaya wa mai majigi lokaci ya yi, wani ɗan ɗigo ne da ke ƙiftawa a kusurwar allo, can sama ta hannun dama. Mai kallo ba ya ma lura da shi. Baba kuwa, ko loma ce a hannunsa, ɗigon na ƙiftawa za ka ga ɗaya hannun ya kai kan makunni.

"Auta, kin gan shi?" in ji shi. "Duk inda kika ga ɗigon nan, to akwai saura. Faifan ƙarshe ne kaɗai ba a sa masa."

Baba ya haska finafinai iri-iri, na soyayya, na dambe, na 'yan fashi, amma ransa yana wajen finafinan kimiyya, waɗanda ake shiga kumbo a nausa duniyar taurari. A cikinsu ma akwai guda da ya ɗauka ya ɗora a ka. Sunansa na asali ba mai iya faɗa a cikinmu, fim ɗin mai walda kawai muke ce masa. Labarin wani saurayi ne mai walda da aka tura gyaran wata tasha can ƙuryar sararin samaniya. Yana can rediyonsa ya lalace, aka daina jin ɗuriyarsa, kowa ya ce ya mutu. Tsohon ubansa ne kaɗai ya ƙi yarda, kullum magariba sai ya hau rufin gida ya kunna fitila. Shi kuwa yaron, da ƙyar da jiɓin goshi ya liƙe wani tsohon kumbo ya juyo. Can sai ga duniya ta ɓullo a tagarsa, 'yar mitsitsiya, shuɗiya. A nuno tsohon a kan rufi da fitilarsa, a nuno yaron yana dariya yana kuka, sai allo ya yi baƙi.

Daidai nan Baba yake kunna fitilun zauren gaba ɗaya, ya zuro kai ta 'yar taga ya ƙwala, "Ya dawo!" Sai wuri ya kaure da tafi da fito. Abin ya zama ɗabi'ar gidan, har ya kai 'yan kallo suna rigan shi faɗa.

Shi fim ɗin a tsofe ya zo, ya sha hannu a gidajen silima barkatai kafin ya iso mana. Bakunan faya-fayansa duk sun cinye, an yanke an liƙa, an yanke an liƙa. Ba rubutun sunaye a ƙarshensa, amma wannan ba baƙon abu ba ne ga tsohon fim. Kamfanin da ya aiko shi ya rushe, ba wanda ya zo karɓa, sai ya zama namu. Duk lokacin da sabon fim ya ƙi zuwa, mai walda ake sakawa, kuma ba a taɓa rasa 'yan kallo ba.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya. Walda ya koya, kuma ba sai na faɗi wanda ya riƙe hannunsa ya kai shi wajen koyon ba. Ya iya aikin sosai, amma gari ya yi tsauri, ga silima ta fara mutuwa tunda kowa ya samu abin kallo a ɗakinsa. Sai ya ce zai ƙetare teku ya nemi aiki inda ake ƙera jiragen ruwa. Inna ta yi kuka ta ce ba ta yarda ba. Baba ya ce a bar yaro ya je, ai da sana'arsa a hannu. Da farko yana kiran waya daga garuruwan da ke kan hanya. Kiran ƙarshe ya ce sun iso bakin ruwa. Daga nan shiru.

Bayan an daɗe wani abokin tafiyarsa ya dawo, a rame, ya zo har gida. Ya ce jirage biyu aka zuba su, nasu ya juyo da su baya, wanda Yaya ya shiga kuwa ba a sake jin labarinsa ba. Inna ta gane, ta shige ɗaki ta yi kukanta. Mutane suka fara zuwa gaisuwa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya kore su ɗaya bayan ɗaya, har da ƙannensa uwa ɗaya uba ɗaya.

"Gaisuwar me? Wa ya mutu? Wayarsa ce ta lalace."

A saman bene muke, barandarmu tana kallon titi. Magaribar ranar ya ja wayar wuta zuwa barandar, ya ɗaura ƙwan lantarki ya kunna.

Shekaru suka yi ta wucewa. Aka rufe silimar, ta koma ma'ajiyar katifu. Inna ta rasu. Ni na yi aure, auren bai yi ƙarko ba, na kwaso akwatina na dawo, na kama aiki a gidan wanki da guga. Baba ya buɗe 'yar rumfa a ƙarƙashin matattakalar gidanmu yana gyaran fanka da dutsen guga. Komai ya canja ban da fitilar baranda. Wayar da ya ja ba ta da kyau, kullum cikin ƙona ƙwai take, shi kuma in ya ƙone sai ya lallaɓa kicin ya kwance nawa. Duk ƙwan da na sayo wa kicin, ƙarshensa baranda. Na yi faɗa, na yi mita, na ɓoye kujerar da yake takawa, a banza. Sau tari da tocilan waya nake girki.

Ni dai na daɗe da sanin Yaya ya mutu. Amma fitilar nan ita ke tashin Baba da safe. Ita ke sa shi shan maganin hawan jininsa ba tare da na roƙe shi ba. Yakan ce, "Dole in tsaya da ƙafata, kada yaron nan ya dawo ya same ni a kwance." Saboda haka na kama bakina. In dai zai ci abinci ya sha magani, ya kwance ƙwayayen gidan duka, ban damu ba.

Majalisarsu tana shagon askin da ke kallon gidanmu. Da la'asar yake rufe rumfa ya tsallaka. Akwai Kawu Mai Aski, akwai Baba Hedimasta, abokinsa tun ƙuruciya, sai 'yan zaman jiran layi. Tunda Baba Hedimasta ya yi ritaya 'yarsa ta saya masa wata ƙatuwar waya, shi ke nan unguwa ta shiga uku, duk abin da ya gani sai ya gyara tabarau ya karanta wa mutane, ko suna so ko ba sa so.

Ranar da abin ya fara ina wajen, na kawo tawul ɗin shagon daga wanki.

"Majigi, yau ga naka," in ji Baba Hedimasta. "Manyan masu sharhin finafinai sun haɗu sun jera finafinan kimiyya da suka fi kowanne kyau a tarihi."

Baba ya gyara zama. "To karanto mu ji shirmensu."

Na ɗaya wani fim ne na mutum-mutumin da ya koyi kuka. Baba ya taɓe baki. Na biyu kuma wanda wasu masana ke zaune a ɗaki suna ta surutu a kan lokaci.

"Wannan?" in ji Baba. "Ranar da na haska shi rabin zauren barci suka yi, har da mai yagar tikiti."

"Ai ba don irinku aka yi shi ba," in ji Baba Hedimasta.

Kawu Mai Aski ya ɗaga almakashi daga kan wani bawan Allah. "Ni ku duba min na ƙaton kwaɗon nan da ya haɗiye jirgin ƙasa. Na nawa ne?"

"Ba ya ciki."

"To wallahi ba su san fim ba."

Aka yi ta dariya har aka zo na bakwai. Baba Hedimasta ya karanta sunan, ya karanta labarin a taƙaice, Baba ya miƙe tsaye. Mai walda ne. Na bakwai! A ƙarƙashin mutum-mutumi mai hawaye! Ya shiga surfa musu faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Da a ce a nan aka tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma Baba Hedimasta ba ya barin rubutu a rabi.

"Tsaya ka ji dalilinsu, ai yabonsa suka yi. Sun ce ba a taɓa yin fim mai ƙarshe marar tausayi irin nasa ba. Wai mutum yakan fito daga kallonsa kamar an yi masa rasuwa."

Baba ya yi sororo, sannan ya fashe da dariya. "Ka gani ko? Ba su kalla ba! Rasuwa a ina? Yaron da ya dawo gida? Ni da na haska fim ɗin nan har na haddace numfashin yaron?"

Daga ranar majalisa ba ta da wata hira. Baba Hedimasta ya yi ta tono wasu masu sharhin, wannan ya sa shi na uku, wancan na goma, amma duk bakinsu ɗaya a kan ƙarshen. Baba ya ce ai kwafar juna suke yi, ɗaya ya yi ƙarya saura suka bi. Ya daina gyaran fanka, mutane suna zuwa karɓar kayansu suna komawa. A gida ma ba ni da sakat, ina wanke-wanke yana tsaye a kaina yana ba ni labarin fim ɗin da na sani kamar yunwar cikina. Na lura kuma muryarsa tana rawa in ya zo wajen fitilar. Ba a kan fim yake faɗan nan ba, kuma duk wanda ke shagon ya sani.

Rannan ya wuce gona da iri. A gaban mutane ya nuna Baba Hedimasta da yatsa ya ce, "Kai ma maƙaryaci ne. Ba haka aka rubuta ba, son ranka kake fassara mana don ka ga ba ma jin yaren."

Ran dattijo ya ɓaci. Ya cire tabarau ya ce, "Ni ne maƙaryaci, Majigi? To zan nemo fim ɗin, a saka a talabijin ɗin shagon nan kowa ya gani."

"Nemo! In ba ka nemo ba ka raina ni."

Hankalina ya ƙi kwanciya. Washegari a wajen aiki, lokacin hutun rana, na roƙi wata abokiyar aikina ta nemo min shi a wayarta. Na shige bayan injinan wanki na ja shi zuwa ƙarshe. Ga duniya a taga, ga tsoho a kan rufi, ga yaron yana dariya yana kuka. Allo ya yi baƙi. Na sauke ajiyar zuciya ke nan sai hoto ya dawo.

Ashe man kumbon ya ƙare wajen juyowa, ba abin da zai rage masa gudu. Duniya ta yi ta girma har ta cika tagar, yana ganin fitilun birane, sannan ta goce ta gefe ta fara ƙanƙancewa. Yana dukan gilashi da tafin hannu. Aka nuno tsohon yana ta hawa rufi, yana ƙara tsufa, har ranar da wasu baƙi suka tare a gidan, suka cire fitilar suka ɗaura igiyar shanya. Inna lillahi! Na zauna a kan tulin zannuwan mutane na yi kuka har mai gidan ya leƙo yana tambaya ko ƙonewa na yi.

Ana tashi na wuce gidan Baba Hedimasta, da niyyar in wanke shi tas, dattijo ko ba dattijo ba. Na same shi a zaune ya zabga tagumi.

"Na gani, 'yata," in ji shi tun kafin in buɗe baki. "Jiya na kalla. Faifai guda ne cur bai zo musu ba. Da na sani da na haɗiye maganata."

"To Baba, ka ce ba ka samu ba mana."

"Kin san halinsa. Wani zai sa ya nemo masa."

Can ya ce shi zai riƙe abin sarrafa talabijin ɗin. Allo na yin baƙi zai tsayar, Kawu Mai Aski ya kunna fitila, a yi tafi a watse. Na ce to ai shi ke nan ya tabbata maƙaryaci a idon unguwa. Ya ce, "Su kira ni abin da suka ga dama." Har yau in na tuna wannan maganar sai in rasa wanda zan ji haushi.

Washegari da la'asar aka yi kallon. Kawu Mai Aski ya toshe taga da mayafan aski, aka jera benci, shago ya cika har baki da tsofaffin 'yan silima, kuma duk an raɗa musu abin da za a yi. Baba ya zo da wankakkiyar riga ya zauna a gaba. Ni ina tsaye a jikin ƙofa.

Kwafin tas yake, ba zane ba tsalle. Baba ya yi ta mamaki, wai ashe rigar yaron ja ce, shi duk zamaninsa ruwan ƙasa yake ganinta. Ana cikin haka sai ɗan ɗigon nan ya ƙifta a kusurwa, hannun Baba ya zabura daga kan gwiwarsa. Ya yi dariya ya waiwayo.

"Auta, kin ga ba su goge shi ba!"

A 'yar wayar da na kalla ban ga wani ɗigo ba, kuma ko kusa bai zo min a rai ba. Na so in yi wa Baba Hedimasta alama, amma me zan ce masa? Na tsaya nan, faifai yana bin faifai, hannun Baba yana zabura.

Aka zo wajen. Duniya a taga. Tsoho a kan rufi. Yaron yana dariya yana kuka, kuma a saman kansa, ta hannun dama, ɗigon ya ƙifta. A tsohon faifanmu daidai wurin ne ya cinye aka yanke, tun kafin ya zo hannun Baba.

Allo ya yi baƙi. Baba Hedimasta ya tsayar, Kawu Mai Aski ya kunna fitila, shago ya ɗauka, "Ya dawo! Ya dawo!" Baba Hedimasta ya miƙa hannu yana cewa, "Na sha kaye, Majigi, kai ne da gaskiya."

Baba bai karɓi hannun ba. Nasa hannun yana nan a sama inda ya zabura, bai sauke ba.

"Kashe fitilar nan," in ji shi. "Akwai saura."

Na matso na ce, "Baba, ai ya ƙare. Tashi mu je gida."

Ya dube ni. "Auta, ni na koya miki. Kin gan shi ko ba ki gan shi ba?"

Ya juya ga abokinsa ya ce, "Saka min sauran." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne.

Ban kalli allon ba, shi na kalla. Bai motsa ba, bai yi kuka ba. Da yaron ya fara dukan gilashi na ga leɓen Baba yana motsi, ban ji abin da yake cewa ba. Wasu suka sulale suka fice. Rubutun sunaye ya hau, karo na farko a rayuwarsa, ya zauna ya kalle shi har ya ƙare.

"Na nawa ka ce sun sa shi?"

"Na bakwai," in ji Baba Hedimasta.

"Sun cuce shi. Na ɗaya ne." Ya dafa benci ya miƙe. "Duk mutanen nan da na yi ta sallama suna tafi, ashe rabin magana na gaya musu."

Ya tsallaka titi shi kaɗai, ya ƙi a riƙe shi.

Da magariba ina kicin da tocilan waya, don a satin ma ya kwance min ƙwai. Na ji ana jan kujera a baranda, na ce a raina to alhamdu lillahi, zai kunna. Sai ga shi ya shigo da kujerar a hannu ɗaya, ƙwan a ɗaya hannun. Ya taka, ya ɗaura shi a mazauninsa, ya sauko ya danna makunni. Kicin ya yi haske.

"Ki daina girki a duhu," in ji shi.

Na ce, "Baba, don Allah mayar da shi. Ni na saba. Fim ne fa kawai, wasu ne suka zauna suka ƙirƙira."

"Na sani." Ya ɗauki kujerar. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba. "Mutanen nan da na kora, ki duba waɗanda ke da rai a cikinsu. Ki ce su zo, ina zaune."

Suka zo kuwa, waɗanda suka rage. Ya zauna a falo ya karɓi gaisuwar ɗansa, yana amsawa da ladabi, yana yi wa kowa godiya. Bayan nan bai sake tsallakawa shagon aski ba. Baba Hedimasta yana zuwa kullum ya zauna kusa da shi, ba waya ba tabarau, su yi shiru tare har a kira salla. Magani kuwa sai na tsaya a kansa, in na juya baya in tsince shi a ƙarƙashin matashi. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

An ce masu sharhin sun sake fitar da wani jerin, wai yanzu mai walda ya hau sama. Kawu Mai Aski ne ya tare ni da labarin, yana zaton zan ji daɗi. Na ce su kai shi inda suka ga dama. Na san ba su yi mana laifin komai ba, gaskiya suka faɗa, amma ban yafe musu ba.

Ƙwan yana nan a kicin. Na baranda ba sa daɗewa, shi kuwa wannan ya ƙi ƙonewa. In magariba ta yi nakan tsaya in dube shi, sannan in kunna tocilan wayata in ɗora tukunya.